Ciyar da Kajin da Ba Su Fara Ƙwai Ba

Malama, kin tambaya ko ya dace ki fara ba kajinki 'yan mako 14 abincin masu ƙwai domin su yi saurin farawa. Shawarata ita ce ki dakata tukuna.

Abincin masu ƙwai yana ɗauke da sinadarin kalsiyam kusan kashi 4 cikin 100, domin kazar da take ƙwai tana buƙatarsa wajen yin ɓawo, amma budurwar kaza kashi 1 ya ishe ta, kuma idan ya yi mata yawa tsawon makonni yana iya lahanta mata ƙoda. Abin da ya dace da su yanzu shi ne abincin masu tasowa, wanda masu shago suke kira girowa, mai furotin kimanin kashi 16. Dusa da tsabar dawa kaɗai, kamar yadda aka saba a gidajenmu, suna cika ciki ne kawai; idan da su za ki dogara, sai ki haɗa da soyayyen waken soya da aka niƙa, da ganyen zogale, da gara idan ana samu.

Kajin gidan gona kan fara ƙwai tsakanin mako 18 da 22, na Hausa kuwa sukan yi jinkiri fiye da haka. Idan kika ga zankonsu ya girma ya yi ja sosai, suna kuma leƙa lungunan akurki suna neman wurin kwanciya, sai ki soma gauraya abincin biyu, kina ƙara na masu ƙwai kaɗan-kaɗan har tsawon mako guda. Kada mazubin ruwansu ya bushe, musamman da bazara.