Filin Tambaya da Amsa: Neman Tallafin Kare Muhalli Ta Hanyar Wasanni

Tambaya: Ni ne sakataren wata ƙungiyar ƙwallon ƙafa ta matasa. Muna son dasa itatuwa a kewayen filinmu, mu kuma samu rigunan wasa da ƙwallaye. Wa ke ba da irin wannan tallafi?

Amsa: Malam sakatare, ku fara raba buƙatun nan biyu. Masu ba da tallafin muhalli ba sa sayen riguna, kuma idan suka ga riguna da kofi sun cinye rabin kasafi, nan take za su ajiye takardar. Abin da suke biya shi ne canjin da za a gani a ƙasa, ko a ruwa, ko a rayuwar wata halitta. Wasan hanya ce ta tara jama'a da samun masu aiki, kuma da haka za ku gabatar da shi.

Ƙofar da ta fi dacewa da ƙananan ƙungiyoyi ita ce shirin ƙananan tallafi na asusun muhalli na duniya, GEF, wanda hukumar raya ƙasashe ta Majalisar Ɗinkin Duniya, UNDP, ta soma gudanarwa a 1992. Yana ba ƙungiyoyin al'umma da masu zaman kansu tallafi, wanda a shekarun baya iyakarsa dala 50,000 ce, kuma kwamitin da ke cikin kowace ƙasa ne ke tantance masu nema. Idan aikin na ceton wani nau'in dabba ko tsiro ne da ke fuskantar ƙarewa, akwai asusun Mohamed bin Zayed na Hadaddiyar Daular Larabawa, wanda iyakarsa dala 25,000. Ta ɓangaren wasanni kuwa, kuɗin shirin agaji na Kwamitin Olamfik na Duniya yana bi ne ta hannun kwamitin Olamfik na kowace ƙasa, don haka ƙaramar ƙungiya ba ta rubuta musu kai tsaye, sai ta hukumar wasanta.

Za ku kuma ci karo da sunan Sports for Nature, tsarin da aka ƙaddamar a Disambar 2022 a taron kare halittu na birnin Montiriyal a Kanada, da haɗin gwiwar ƙungiyar kare halittu ta duniya IUCN, Kwamitin Olamfik da hukumar muhalli ta Majalisar Ɗinkin Duniya. Alƙawari ne da ƙungiyoyin wasanni ke sa wa hannu, ba asusu ba ne. Amfaninsa gare ku shi ne manufofinsa huɗu: kauce wa ɓata mazaunin halittu, farfaɗo da abin da ya lalace, lura da inda ake sayo kaya, da wayar da kan jama'a. Ku nuna wacce aikinku ya taɓa.

Tambaya: Ƙungiyarmu ba ta da rajista. Za a saurare mu?

Amsa: Da wuya. Kusan kowane mai ba da tallafi zai nemi takardar rajista, tsarin mulkin ƙungiya, sunayen shugabanni, da asusun banki da sunan ƙungiyar mai masu sa hannu aƙalla biyu. Ba a tura kuɗin tallafi asusun mutum ɗaya. Kafin rajistar ta fito, ku haɗa kai da wata ƙungiyar muhalli mai rajista ta nema da sunanta, ku zama abokan aiki, amma a rubuta yarjejeniya: wa ke riƙe kuɗi, wa ke rubuta rahoto, kayan aiki na wa ne bayan an gama. Takardar da aka fi mantawa da ita ita ce izinin mai filin. Idan filin na makaranta ne ko na hukuma, a samo amincewa a rubuce cewa ba za a sare itatuwan ko a yi gini a wurin ba.

Tambaya: Sau biyu muna nema ana ƙi, alhali mun yi alƙawarin dasa itatuwa 5,000 a kewayen fili guda. Ina matsalar take?

Amsa: Tana cikin adadin. Mai tantancewa zai ɗauki alƙalami ya yi lissafi. Cikakken filin ƙwallo yana da tsawon mita 105 da faɗin mita 68. Idan aka ja baya da mita biyar daga layi ta kowane gefe, saboda saiwa da inuwa da lafiyar 'yan wasa, kewayen ya zama mita 386. Da tazarar mita huɗu tsakanin bishiya da bishiya, layi guda zai ɗauki kimanin 96, layi biyu kimanin 200. Ko hekta guda da aka dasa a tazarar mita uku-uku, kimanin 1,100 take ɗauka. To ina za a sa 5,000? Ganin wannan kaɗai ya isa ya nuna ba a auna wurin ba.

Na biyu, ana auna aikin ne da itatuwan da suka rayu. Ku rubuta manufa mai ƙidayuwa, misali: za a dasa 190, ana sa ran aƙalla 150 na raye bayan wata 12, kuma za a ƙirga su duk bayan wata uku. Ku ba kowace bishiya lamba, ku ɗauki hoto daga tsayawa ɗaya kafin a fara da kuma kowane zagaye. A nan ne wasan ke da rana: a raba wa kowane ɗan wasa bishiya biyar ko shida, ban ruwa ya zama sharaɗin shiga atisaye, koci ya riƙe littafin ƙidaya. Ƙungiyar muhalli za ta zo ta tafi, 'yan wasa kuwa kullum suna filin, kuma wannan ce hujjarku mafi ƙarfi.

Sai kasafi. Yawancin masu nema suna zuba kuɗi a sayen dashe da bikin ƙaddamarwa, su bar abin da ke raya bishiya. Dashe ya fi mutuwa a ranin farko, ko dai ƙishirwa ko bakin dabba. Don haka kariyar kowace bishiya, jigilar ruwa, da ƙarin dashe kashi 10 zuwa 20 cikin ɗari na maye gurbi, duk su fito layi-layi, kowanne da yawansa da farashinsa daga takardar mai sayarwa. Ku zaɓi irin itatuwan da asalinsu na yankin ne, ku rubuta sunansu na kimiyya da taimakon jami'in gandun daji; baƙon iri mai yaɗuwa na iya kayar da takarda shi kaɗai. Ku kuma lissafa gudunmawarku, wato kwanakin aikin sa-kai, filin da kayan aiki, domin masu ba da tallafi da yawa suna son ganin abin da mai nema ya kawo. Ku lura da lokaci: tsakanin miƙa takarda da fitowar kuɗi ana iya shafe watanni, idan ba a lissafa ba sai kuɗin ya iso damina ta wuce.

Tambaya: Muna shirya tseren keke ta cikin gandun daji don wayar da kai. Wannan ya cancanci tallafi?

Amsa: Shi kaɗai, da ƙyar. Tseren da zai tattake ciyayi ya bar robobi ɓarna ne da sunan gyara. Ku samo izinin hukumar gandun, ku bi hanyoyin da ke akwai, ku kauce wa lokacin da tsuntsaye ke ƙyanƙyasa, ku ƙayyade yawan mahalarta, sannan ku haɗa tseren da aiki na zahiri, kamar gyaran wurin da zaizayar ƙasa ta ci ko kwashe shara ana auna ta da kilo.

Tambaya: Wani ya ce in biya kuɗin fom zai samo mana tallafin GEF.

Amsa: Kada ku ba shi ko sisi. Neman wannan tallafi kyauta ne, kuma ba wanda ke da ikon yi muku alƙawarinsa. Ku nemi sanarwar da fom ɗin a shafin intanet na shirin, ko ku tuntuɓi jami'in da ke kula da shi a ofishin UNDP na ƙasarku.