Amsa ga Malam na Sakkwato: mu da surukanmu Kiristoci ranar ciwo da rasuwa

Malam, ka ce labari ya iso Sakkwato wai mu mutanen zangon Kumasi a Ghana har coci muke shiga in an yi rasuwa, ka tambaya ko da sauran Hausanci a jikinmu. Da saura. Mamacinmu ba ya kwana: wanka, likkafani, salla, sai maƙabartar Tafo, sannan sadakar uku, bakwai da arba'in.

Abin da ba ku da shi a can shi ne suruki Ba'asante, wato ɗan ƙabilar Asante ta nan Kumasi, kuma Kirista. Tun zamanin fataucin goro ake auratayya, don haka ciwonsu namu ne. Kada kuma a ce ba su san tawakkali ba. In ciwo ya yi tsanani, fasto da dattawan coci kan zo bakin gado, su shafe majinyaci da mai, kamar yadda wasiƙar Yakubu sura ta 5 a Baibul ta umarce su, su karanta Zabura ta 23, su rera waƙa, su bar wa Allah sauran. Namu shi ne mu ja gefe, mu ce Allah ya ƙara sauƙi, mu sa hannu a kuɗin magani. Inda ake ɓarna shi ne sansanin addu'a, wurin da wasu fastoci ke ajiye marasa lafiya suna musu addu'a: a cire mai ciwon suga daga asibiti a sa shi azumi, sai ya galabaita a dawo da shi. To, mu ma da masu barin ƙwayar magani su riƙe rubutu kaɗai, sai a yi shiru.

In rai ya yi halinsa, a wajensu gawa ba ta miji ba ce, ba ta 'ya'ya ba. Ta dangin uwa ce, abusua, kuma shugabansu, abusuapanyin, shi ke yanke magana. Ana ajiye ta a firjin asibiti, kuɗi na hawa kullum. Bayan mako guda a taru a sa rana, sau da yawa wata biyu ko uku gaba, don na Turai su iso. Jumma'a a kwantar da gawa a gani, Asabar a binne a zauna zaman makoki da baƙi da jan zane, Lahadi a je coci godiya. Mu zaman Asabar muke zuwa. A bi layi ana gaisawa daga hannun dama, a ce "due", wato gaisuwar ta'aziyyarsu, a ba da gudummawar da suke kira nsawa, a rubuta, a faɗi sunanka a lasifika. Inda al'ada ta ce suruki ya kawo kwalbar giya, kuɗi ko lemo muke bayarwa, kuma sun saba. Wanda ya leƙa cocin Lahadi, yawanci matarsa ya raka.

Wurin da ya fi zafi shi ne matar da ta musulunta ta rasu. Miji na neman likkafani, danginta na neman firji. Wanda ya jira sai ranar rasuwa, ya makara. Tun tana jinya ake kiran abusuapanyin, liman ya zauna, ta faɗi wasiyyarta da bakinta. Akan daidaita a binne ta ranar bisa Musulunci, danginta su yi zamansu daga baya ba gawa, miji ya ɗauki kasonsa na rumfa da kujeru. In ta cije, sai gaban Sarkin Zango.