Tayin Sakan na Ƙarshe: Amsar Kawu

Ɗana,

Saƙonka ya iso, kuma na ji daɗi da ka tambaya kafin ka aikata. Ka ce kwana shida kai ke kan gaba a gwanjon wata tsohuwar kyamara a eBay, shafin gwanjo na intanet, saura sakan huɗu a rufe wani ya zarce tayinka da dala biyu ya tafi da ita, kana so ka san ko al'adar gwanjo ce ko rashin ta ido ne. Ka kuma ce abokinka ya yi maka tayin taimako: in ka sa agogonka a kasuwa, shi zai riƙa tayawa don farashi ya hau. Abin da ya ƙona maka rai ba laifi ba ne. Wanda kake gani kamar taimako, shi ne abin gudu.

Wannan kasuwa mutum ɗaya ya fara ta. Pierre Omidyar, ɗan asalin Iran da aka haifa a Faris aka rene shi a Amurka, shi ya buɗe ta a watan Satumba na 1995 a jihar Kalifoniya, da sunan AuctionWeb. Cikin kayan farko da ya sa akwai 'yar tocilar nan mai jan haske da ake nuni da ita a allo, kuma ta lalace. Ya rubuta ƙarara cewa ba ta aiki. Duk da haka aka taya har dala 14.83. Abin ya dame shi, ya tuntuɓi mai sayen ya ce, ka dai gane lalatacciya ce ko? Mutumin ya ce ya gane, irinsu yake tarawa. Ina son labarin nan ƙwarai, don mai kayan ya faɗi aibinsa, bai tsaya nan ba ya sake tabbatarwa bayan an yi ciniki.

Da farko kyauta ake shiga. A 1996 kamfanin da ke ba shi intanet ya ɗaga kuɗinsa daga dala 30 zuwa 250 a wata saboda yawan jama'a, dole ya fara karɓar la'ada. Babu ɗan sanda, babu mai bin bashi, amma sai ga ambulan na ta zuwa da cek da 'yan canji, har ya ɗauki ma'aikacinsa na farko don buɗe su. Haka ma ciniki yake tafiya a wancan lokacin: ka aika kuɗinka ga wanda ba ka taɓa gani ba, ka zauna jiran kaya ta gidan waya.

Mutane kuwa ba a raba su da saɓani. Ƙorafi ya yi ta zuwa wa Omidyar, shi kaɗai ba zai iya alƙalancin kowa ba. Sai a Fabrairun 1996 ya kawo tsarin shaida: bayan ciniki kowa ya rubuta yadda ya sami abokin cinikinsa, a fili, kusa da sunansa. Ya ce shi ya yarda yawancin mutane na kirki ne. Wannan lambar da kake gani a gefen sunan mai sayarwa daga nan ta samo asali. A ganina ita ce jarin kamfanin na gaskiya, ta fi dala miliyan 6.7 da kamfanin zuba jari na Benchmark ya zuba a 1997, shekarar da aka koma sunan eBay.  A 2008 an hana masu sayarwa rubuta mummunar shaida a kan masu saye, saboda wasu na amfani da ita wajen ramuwar gayya.

To, mai kyamara. A zauren gwanjo guduma ba ta sauka sai an rasa mai ƙarawa. A eBay agogo ne ke rufe ciniki, kuma dokarsu ba ta hana tayin ƙarshe ba. Dabarar ma ta girmi kwamfuta da ƙarnuka. A Ingila ta ƙarni na 17 ana gwanjo da guntun kyandir, wanda ya yi tayin ƙarshe kafin wuta ta mutu shi ke da kaya. Samuel Pepys, jami'in hukumar jiragen ruwan yaƙi, ya rubuta a 1662 cewa ya ga wani gwani da ya lura da yadda wutar ke yi dab da mutuwarta, sai a lokacin yake ɗaga murya. Mutuminka jikan wannan ne. Bai yi ƙarya ba, kuɗinsa ya biya, kuma da gaske yana son kayan. Ka tuna shafin yana ba ka dama ka rubuta iyakar abin da za ka iya biya, na'ura ta riƙa ƙara maka kaɗan-kaɗan. Da iyakarka ta fi tasa, ko a sakan ɗaya ya zo ba zai kayar da kai ba. Na san da zafi, amma nan gaba ka rubuta gaskiyar abin da kayan ya kai a wurinka, ka je ka kwanta.

Shawarar abokinka kuwa, kada ka kusance ta. Wanda ya taya alhali ba saye zai yi ba, ƙarya ya yi da kuɗi maimakon baki, kuma wani bawan Allah ne zai biya bambancin yana zaton da mai so na gaske yake takara. Dokar eBay ta haramta, hukumar Amurka kuma tana kallonsa a matsayin zamba. A shekara ta 2000 wani lauya a birnin Sacramento na Kalifoniya ya sa wani zane da aka yi wa alamar shahararren mai zane Richard Diebenkorn ta jabu, shi da abokansa suna tayawa da sunaye daban-daban. Tayi ya kai dala 135,805. Aka soke cinikin, a 2001 gwamnatin tarayya ta gurfanar da su, lauyan ya amsa laifinsa, aikin lauya ma ya rabu da shi.

Agogon naka, in akwai farashin da ba za ka sallama ƙasa da shi ba, ka fara gwanjon daga nan, ko ka yanka masa farashi ɗaya, tun shekara ta 2000 suka buɗe wannan ƙofar. Ka ɗauki hoton tsagar da ka ce tana jikin gilashin a wuri mai haske, ka rubuta ta a layin farko. Abokin naka ka yi masa godiya, ka ce kawunka ya hana.

Ka gaishe da mai ɗakinka da yara.

Kawunka.