Hukuncin Dasa wa Mai Sikila Ɓargon Ƙanwarsa, da Allurar Ƙwayoyin Tushe da Ake Tallatawa

Tambaya: Assalamu alaikum. Allah ya gafarta Malam, ina da ɗa mai shekara tara da aka haifa da cutar sikila. A bara sau biyar ana ba mu gado a asibiti, kuma likitansa ya ce gwajin jijiyoyin kansa ya nuna yana cikin haɗarin shanyewar ɓarin jiki. An ba mu shawarar dashen ɓargo, aka gwada 'yan'uwansa uku, sai ƙanwarsa mai shekara shida kaɗai ta dace. Kawuna ya ce wannan canja halittar Allah ne, kuma jinin yaron zai koma na wata, abin da zai taɓa nasabarsa. Sannan an kawo wa mahaifiyata mai ciwon suga tallan wani wuri da ke yin allurar da suke kira "sitem sel", wai tana raba mutum da suga da hawan jini da ciwon gwiwa gaba ɗaya. Mene ne hukuncin waɗannan biyun?

Amsa: Wa alaikumus salamu wa rahmatullah. Godiya ta tabbata ga Allah, tsira da aminci su tabbata ga Manzon Allah da alayensa da sahabbansa. Allah ya ba ɗanka da mahaifiyarka lafiya, ya sanya wahalar jinyar a mizaninku.

Ɗan'uwa, abubuwa biyun da ka tambaya sunansu ɗaya a bakin mutane, amma hukuncinsu ya bambanta, kuma ba a yanke hukunci a kan abu sai an san shi. Abin da likitoci ke nufi da ƙwayoyin tushe, wato "sitem sel" ɗin da ka ambata, shi ne wasu ƙwayoyin halitta da Allah ya ba su ikon hayayyafa da rikiɗewa zuwa wasu nau'o'in ƙwayoyin jiki. Waɗanda ke cikin ɓargo su ne ke samar da jini tsawon rayuwar mutum, kuma ɓargon mai sikila yana samar da jajayen ƙwayoyin da ke lanƙwashewa kamar lauje su toshe ƙananan jijiyoyi. Dashen ɓargo shi ne a kashe ɓargon marar lafiya da magunguna masu ƙarfi, sannan a ɗura masa ƙwayoyin tushe na mai lafiya ta jijiya kamar ƙarin jini, su zauna a ƙashinsa su fara samar da lafiyayyen jini. Magani ne sananne, an kuma fara yi wa mai sikila shi a Nijeriya a 2011, a Asibitin Koyarwa na Jami'ar Benin.

Asalin neman magani halal ne. Abu Dawuda da Tirmizi sun ruwaito daga Usamatu bin Sharik cewa Annabi (SAW) ya umarci bayin Allah da su nemi magani, domin Allah bai saukar da wata cuta ba face ya sanya mata magani, in ban da tsufa. Maganar kawunka ta fito ne daga tsoron Allah, ka saurare ta da ladabi, sai dai ayar Suratun Nisa'i ta 119 da yake nufi ba ta hau kan wannan aiki ba. Canja halittar da aka zarga shi ne ɓata abin da yake lafiyayye don son rai, amma mayar da gaɓar da ta lalace zuwa ga aikinta gyara ne. Hancin sahabi Arfajatu bin As'ad ya yanke a wani yaƙi tun zamanin jahiliyya, ya sanya na azurfa ya yi masa wari, sai Annabi (SAW) ya umarce shi da ya sanya na zinare, alhali zinare haramun ne ga maza.

A kan ƙwayoyin tushe kansu, Majalisar Fiƙihu ta ƙungiyar Musulmin duniya, wato Rabiɗa, ta yi zamanta na 17 a Makka a watan Disamba na 2003, ta kuma rataya hukuncin ga inda aka samo su. Ta halatta ɗaukarsu daga baligi da izininsa idan ba zai cutu ba, da kuma daga yaro da izinin waliyyansa saboda maslahar da shari'a ta yarda da ita ba tare da cutar da shi ba, haka nan daga mabiyiya da igiyar cibiya da izinin iyaye. Ta ƙara da ɗan tayin da ya zube da kansa ko aka cire saboda uzurin lafiya karɓaɓɓe, da ragowar ƙwan da aka haɗa wa ma'aurata a asibiti idan sun bayar, bisa sharaɗin kada a dasa shi a mahaifar da ba ta halatta ba. Ta haramta wanda aka samo daga cikin da aka zubar da gangan ba da uzuri ba, da wanda aka ƙirƙira ta hanyar haɗa ƙwan wata da maniyyin wani, da wanda aka samo ta kwafar halitta, wato ƙirƙirar ɗan tayi mai gadon halitta iri ɗaya da na wani mutum. Wannan haramci ya fi ƙarfi a mazhabarmu ta Malikiyya, wadda mashahurin zancenta shi ne hana fitar da abin da ya zauna a mahaifa ko da bai kai kwana arba'in ba.

Ɓargon 'yarka yana cikin kashin da aka halatta, amma a nan ne ya kamata ka tsaya ka yi nazari sosai, domin ita ce ba ta da bakin kare kanta a wannan lamari. Jikinta amana ne a hannunka, kuma ƙa'idar malamai ita ce waliyyi ba ya zartar da komai a kan ƙaramin yaro sai abin da ke da maslaha. Abin da ya sa na ga halacci shi ne ɓargo yana daga cikin abubuwan da ke mayar da kansu kamar jini. Ana yi wa mai bayarwa allurar barci, a zuƙo wani adadi daga ƙashin ƙugunta, ta yi 'yan kwanaki tana jin ciwo a wurin, cikin 'yan makonni jiki ya mayar da abin da aka ɗiba. Da ƙoda ce ake nema a wurinta da ban halatta maka ba, saboda ita ba ta dawowa. Sannan rayuwar yayanta da lafiyarsa maslaha ce a gare ta ita ma, ga ladan raya rai da aya ta 32 ta Suratul Ma'ida ta ambata. Sharaɗin da nake gindaya maka shi ne a samu likita na daban, wanda ba shi ke jinyar ɗanka ba, ya duba yarinyar ya tabbatar da cewa allurar barcin da adadin da za a ɗiba ba za su cutar da ita ba, kuma mahaifiyarta ta yarda da zuciya ɗaya. Ku yi mata bayani daidai hankalinta ba tare da ƙarya ba, kada kuma wani a gidan ya ce mata ran yayanta a hannunta yake, domin idan aikin bai yi nasara ba yarinya za ta girma tana ɗauke da laifin da ba nata ba.

Batun nasaba kuwa ba ya tasowa. Gaskiya ne bayan dashe jinin ɗanka zai ɗauki siffar na ƙanwarsa, har rukunin jininsa ya koma nata idan da sun bambanta, amma nasaba a shari'a tana tabbata ne da shimfiɗar aure, kuma maniyyinsa ba ya canjawa. Shi ya sa Majalisar Fiƙihu ta Jidda, wadda ke ƙarƙashin ƙungiyar ƙasashen Musulmi, a 1990, ta hana dashen 'ya'yan maraina da ma'ajiyar ƙwan mace, domin su ne ke ɗauke da gadon halitta zuwa ga zuriya, ɓargo kuwa ba haka yake ba. Ko da daga bare aka samo shi, ba ya haramta aure kamar yadda shayarwa ke yi. Sai dai akwai wani hukunci da ya rataya a nan wanda mutane kan manta. Bayan ya warke, takardar gwajin jininsa za ta iya nuna AA ko AS, alhali abin da zai gadar wa kowane ɗa nasa S ne. Saboda haka wajibi ne ranar da ya tashi neman aure ku bayyana wa dangin yarinyar asalin lamarin, kuma fakewa da waccan takarda algus ne.

Halacci ba wajabci ba ne. Aikin yana da haɗari na gaske: sabon ɓargon yana iya yaƙar jikin da aka dasa shi a ciki, magungunan share fage suna iya hana haihuwa, kuma akwai waɗanda suke rasuwa a cikinsa, ko da yake mafi yawan yaran da aka dasa wa ɓargon shaƙiƙinsu da ya dace suna rabuwa da cutar. Ka nemi likitoci su gaya maka sakamakon cibiyar da za ku je dalla-dalla, su kwatanta maka da ci gaba da ƙarin jini a kai a kai da shan magani, sannan ku yi istihara. Idan ka zaɓi ɗayan biyun bisa shawarar masana babu zunubi a kanka, haka nan idan kuɗin ya gagara, domin Allah ba ya ɗora wa rai sai abin da zai iya. Neman taimakon jama'a a kan wannan ba abin kunya ba ne, kuma iyalin da jinya ta jefa cikin bashi ko talauci ana iya ba su zakka.

Allurar da aka tallata wa mahaifiyarka kuwa ban ga hanyar halatta sayar da ita da wannan alkawari ba, kuma ina hana ka kai ta. Inda amfanin ƙwayoyin tushe ya fi tabbata zuwa yau shi ne cututtukan jini da na garkuwar jiki, irin su sikila da sankarar jini. Suga da hawan jini da lalacewar gwiwa har yanzu a matakin bincike suke, kuma wanda ya ce ruwan sirinji ɗaya yana warkar da su duka ya faɗi abin da ba shi da hujja a kai. Cutarwar ma ba zato ba ce, domin a 2017 likitoci a Amurka sun ba da rahoton wasu tsofaffin mata uku a jihar Fulorida da ganinsu ya lalace bayan an yi musu irin wannan allura a ido, da ƙwayoyin da aka tace daga kitsen jikinsu. Ga kuma garin da ake sayarwa cikin 'yan ƙananan ledoji da wannan suna, wanda aka ce daga tsirrai aka samo shi, alhali ƙwayar tsiro da aka sha ba ta zama ƙwayar jikin mutum. Annabi (SAW) ya ce babu cuta babu cutarwa, kamar yadda Imamu Malik ya ruwaito, kuma a hadisin Abu Dawuda da Nasa'i wanda ya yi aikin magani alhali ba a san shi da ilimin magani ba, shi ke da lamunin ɓarnar da ya jawo. Cinikin kuma ya haɗa garari, wato sayar da abin da ba a da tabbas a kansa, da cin dukiyar mutane da ɓarna, ga jahiltar inda aka samo abin da ake ɗura wa mutum, wanda shi ne ginshiƙin hukuncin tun farko.

Idan wata rana likitanta ya gabatar mata da bincike na asibitin koyarwa, wanda hukuma ta amince da shi, aka bayyana mata tushen ƙwayoyin da haɗarinsu, aka kuma gaya mata cewa gwaji ne ba tabbataccen magani ba, to shiga cikinsa da yardarta ya halatta. Kafin nan kada ta ajiye maganin sugarta ko na hawan jini saboda maganar mai talla. Wallahu a'alam.