Amsa ga ƙanwata mai son barin aikin odita ta koma sa ido kan AI

Assalamu alaikum jama'a, ku yi haƙuri muryar za ta ɗan yi tsawo. Ƙanwata, tun jiya na ji tambayarki. Kin ce shekara takwas kina aikin odita, yanzu hankalinki ya karkata ga aikin sa ido kan ƙirƙirarriyar basira, wato AI, kina tambaya ko dole sai kin koma makaranta kin koyi rubuta manhaja tukuna.

To, ba dole ba ne. Kuma don Allah kada ki raina abin da ke hannunki. Ni daga sashen ɗaukar ma'aikata na fito. Abin da ake nema a aikin nan shi ne mai tambaya: wa ya ba da izinin amfani da wannan manhajar, da waɗanne bayanai aka horar da ita, in ta cuci wani wa zai amsa, kuma ina takardar da ta nuna an gwada ta? Ke kuwa ai neman takardar shaida shi ne aikinki safe da yamma.

Bari in gaya miki abin da ya jawo ni. A inda nake aiki a da, an kawo wata manhaja mai tace takardun masu neman aiki. Wata rana na kwaso waɗanda ta watsar, na zauna ina dubawa ɗaya bayan ɗaya. Sai na ga matan da suka yi shekara biyu ko uku a gida saboda haihuwa da raino duk ta danne su ƙasa. Akwai wata, har yau ina ganin takardarta a idona, ta fi duk waɗanda muka kira ƙwarewa. Na tambaya wa ya gwada abin nan kafin a saya, kowa ya nuna wani. Wallahi daren nan barci gagarata ya yi. Daga baya na karanta rahoton Reuters na 2018, cewa Amazon ma sun taɓa jingine irin wannan manhajar, saboda an horar da ita da takardun shekara 10 da yawancinsu na maza ne, sai ta koyi fifita maza. A ƙasar Holan kuwa, hukumar haraji ta yi amfani da tsarin kwamfuta da ya riƙa ɗora wa dubban iyalai zargin zamba a tallafin kula da yara, har zama ɗan ƙasa biyu ya koma abin zargi. Gwamnati sukutum ta yi murabus a Janairun 2021. Kin ga abin ba wasa ba ne.

Yauwa, abin karantawa. Ki fara da dokar AI ta Tarayyar Turai, wadda ta fara aiki 1 ga Agusta 2024. Ta kasa manhajoji gwargwadon haɗarinsu, akwai waɗanda ta haramta gaba ɗaya, ta sa na ɗaukar aiki da na tantance masu neman bashi cikin masu babban haɗari, kuma tarar tana iya kaiwa Yuro miliyan 35 ko kashi 7 cikin 100 na cinikin kamfani a shekara. Sai tsarin kula da haɗarin AI da hukumar ma'auni ta Amurka, wato NIST, ta fitar a Janairun 2023, kyauta yake a intanet. Amma ke, naki shi ne ISO/IEC 42001 na Disambar 2023, wato ma'aunin ƙasa da ƙasa na yadda ma'aikata za ta tafiyar da AI. Kina buɗe shi za ki ji kamar a gida kike, don duk maganar manufa ce, da wa ke da alhakin me, da shaidar da odita zai nema. Satifiket kuma akwai AIGP, na ƙwarewa a sa ido kan AI, wanda IAPP, ƙungiyar ƙwararru kan kare sirrin bayanai, ke bayarwa. Yana taimakawa a kira ki intabiyu, amma a can ciki abin da kika taɓa yi da hannunki za a tambaye ki.

Sai dai kada in ruɗe ki, akwai karatun fasaha da ba makawa. Dole ki san yadda ake horar da manhaja da yadda ake gwada ta, in ba haka ba injiniyoyi za su ce miki tana daidai kashi casa'in da wani abu, ki gyaɗa kai ki sa hannu. Daidai a kan wa? A 2018 wasu masu bincike biyu, Joy Buolamwini da Timnit Gebru, sun gwada manhajojin nazarin fuska: kuskure a kan maza fararen fata bai kai kashi 1 ba, a kan mata baƙaƙen fata ya kai kusan kashi 35. In aka haɗa lissafin wuri ɗaya, wannan duk ɓuya yake yi.

Abu ɗaya da ke min ciwo, wasu wuraren ado kawai suke so, a ce suna da mai sa ido. In kin je intabiyu ki tambaye su kai tsaye: in na ga haɗari, ina da ikon dakatar da aiki, kuma wa zan kai wa rahoto? Ki saurari amsar da kyau.

Kuma kada ki ajiye aikinki yanzu. Ki nemi izinin shugabanki, ki zaga sashe-sashe ki rubuta duk inda ake amfani da AI a ma'aikatarku, har da ma'aikatan da ke zuba bayanan abokan hulɗa a ChatGPT ba da sanin kowa ba. Kowanne ki rubuta wa ke kula da shi, me yake yankewa, wa zai cutu in ya kuskure. In kin gama, ki cire suna da duk wani sirrin aiki, ki turo min ta gefe mu duba tare, in sha Allahu.