Injin Gudu na Hannu daga Amurka: In Saya ko In Bari?

Tambaya: Likita ya ce in riƙa tafiya kullum saboda hawan jini. An kawo mini injin gudu na hannu daga Amurka, kuɗinsa rabin na sabo. Allonsa yana kawo haske, amma a jikinsa an rubuta 120V. Mai sayarwa ya ce taransifoma kawai zan haɗa masa. In saya? Daga wata uwa a Kaduna.

Amsa: Hajiya, Allah ya ƙara lafiya. Kada hasken allon nan ya ruɗe ki, domin shi umarni kawai yake bayarwa. Mai aikin yana ƙasa, a cikin murfin da ke gaban bel, inda moto yake tare da fanel ɗinsa, wato faifan lantarkin da ke sarrafa masa wuta. Wannan fanel shi ke karɓar wutar soket ya mayar da ita DC, wato wuta mai bin hanya ɗaya irin ta batir, ya tara ta a manyan kwandansoshi masu ajiye wuta, sannan wani transisto, wato ɗan makunnin lantarki, da masu gyara ke kira MOSFET ya riƙa sakar wa moton ita gutsure-gutsure, yana buɗewa yana rufewa sau dubbai a daƙiƙa ɗaya. In kin danna ƙarin gudu, lokacin buɗewar ne ke tsawaita. Kusa da abin da ke juya bel akwai ɗan firikwensin, wato na'urar da ke ƙirga juyi, galibi da maganaɗisu. Da zarar kin taka bel ɗin nauyinki ya rage masa gudu, sai ya sanar da fanel, fanel ya ƙara wuta nan take. Wannan ne ya sa tafiyar ba ta fizgar mutum.

To, injin Amurka an ƙera fanel ɗinsa don wuta mai ƙarfin volt 120, motonsa yawanci na volt 90. Tamu kuwa 230 ce. Sau ɗaya wani yaro ya kuskure ya jona shi kai tsaye, fanel ya tafi, kuma samun irinsa a nan wahala ne. Taransifoma yana aiki, ban musa ba, amma ba ƙarami irin na rediyo ba. Injin da ke jan amfiya 15 a wuta 120 zai iya kaiwa wat 1,800, don haka sai mai wat 3,000 hankali zai kwanta. Ki haɗa kuɗinsa da na injin ki gani ko arahar tana nan. Ni dai shawarata ki nemi wanda aka rubuta 220 zuwa 240, ko da na hannu ne, irin waɗanda ake kawowa daga Ingila ko Turai.

Kowanne za ki saya, ki hau shi da kanki. Ki sa shi a gudu mafi ƙanƙanta ki yi tafiyar minti goma, domin a nan ne moto ya fi shan wuya. In bel yana tsayawa yana fizga, ko kin ji ƙauri, ki bar musu kayansu. Ki zura hannu ƙarƙashin bel bayan an kashe: in ya bushe ƙamas, ya daɗe yana wahalar da fanel. Busasshen bel yana sa moto ya ja wuta fiye da kima, kuma yana cikin manyan abubuwan da ke ƙona MOSFET. Man silikon ake sa masa, ba baƙin mai ba. Ki fizge makullin tsaron nan da ake maƙalawa a riga, lallai injin ya tsaya. A gida kuma ki ba shi soket nasa shi kaɗai da sitabilaiza, ki zare shi in an ɗauke wuta, kada ki ɗora wa ƙaramin janareta. Lokacin hunturu a riƙa buɗe murfin ana share ƙura.

Tambaya: Injin gudu nawa yana tashi, bayan 'yan daƙiƙoƙi sai ya tsaya ya nuna lambar matsala. Mai gyara ya ce moto ne. Daga wani malami a Zariya.

Amsa: Malam, kada ka yi saurin sayen moto. Sau da yawa firikwensin nan ne ya goce ko ya yi datti, fanel bai ji juyi ba sai ya yanke wuta don tsaro. A fara duba shi, sannan kabon buroshin moton. Amma don Allah kada ka sa hannu da kanka: kwandansoshin suna iya riƙe wuta sama da volt 300 ko bayan an zare waya.