Ga ƙanena mai son karatun injiniyan kayan asibiti a Jamus

Assalamu alaikum ƙanena. Saƙonka ya iso. Ka ce gurbin karatun likita bai samu ba, shi ne kake son zuwa Jamus ka karanci injiniyan kayan asibiti, tunda duk hanyar asibiti ce. To, a nan zan tsayar da kai. Mai wannan karatu injiniya ne, ba ya duba mara lafiya, ba ya rubuta magani. Lissafi zai sha da fiziks da lantarki da rubuta manhaja, sai ilimin jikin ɗan Adam gwargwadon abin da zai ishe shi aiki.

Bari in ba ka misali da na'urar wankin ƙoda, wadda a kanta nake aiki. Mai ciwon ƙoda yakan zo sau uku a mako, ya yi awa huɗu kwance. Famfo na jan jininsa, kusan mililita 300 a minti ɗaya, ya bi ta cikin matata mai dubban 'yan bututu sirara kamar gashi, dattin ya fita, jinin ya koma jiki. Zama ɗaya na cin ruwa wajen lita 120, shi ne ke kwashe dattin, kuma ruwan sai an tace shi tas, don in ya gurɓata, gurɓatar jinin mutum za ta shiga. Akwai ɗan firikwensin, wato 'yar na'urar ganowa, da ke gadin kumfar iska, da ya gan ta sai ya datse bututun. Duk wannan tunanin injiniya ne, tun daga na'urar farko mai amfani da wani likita, Willem Kolff, ya haɗa a Holan a 1943. Kuma kai ma ka san yadda ciwon nan ya addabi mutanenmu a Gashuwa da Haɗejiya. Na taɓa shiga wani asibiti a gida na tarar da irin na'urar an lulluɓe ta da zani don babu mai gyara, har yau abin na ci mini rai.

Masana'antar kam tana nan Jamus, ga kamfanoni irin su Siemens Healthineers a Erlangen, Dräger mai na'urorin numfashi a Lübeck, Ottobock mai ƙafar roba a Duderstadt. Galibin jami'o'in gwamnati ba sa karɓar kuɗin karatu, amma jihar Baden-Württemberg na karɓar yuro 1,500 kowane zango daga baƙi irinmu, kuma kafin biza sai ka nuna kuɗin zaman shekara a rufaffen asusu, wato asusun banki da ba a cire kuɗinsa gaba ɗaya. Digirin farko yawanci da Jamusanci ake yi, saboda haka ka fara koyon harshen tun kana gida.

Turo mini sakamakonka na lissafi da fiziks mu duba tare. Ka gaida su Baba da Umma.